Mashigin Chesapeake: an shawo kan bututu, gona ce ta rage

Duk manomin da ya taɓa sayen buhun taki da kuɗin guminsa, ya zuba a gona da yamma, sannan cikin dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya san takaicin ganin dukiyarsa ta bi kwari. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne inda wannan taki yake ƙarewa. A gabashin Amurka an shafe fiye da shekara 40 ana fama da wannan tambaya a kan mashigin tekun Chesapeake, kuma na daɗe ina bin lamarin, domin a ganina yana nuna iyakar abin da tsarin gwamnati zai iya yi idan bai kai ga ƙofar manomi ba.

Chesapeake shi ne mashigi mafi girma a Amurka inda ruwan koguna ke garwayuwa da na teku. Ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa ta kai kimanin murabba'in kilomita 166,000, ta ratsa jihohi shida da birnin Washington, kuma sama da mutum miliyan 18 ne ke zaune a cikinta. Kogin Susquehanna kaɗai, wanda ya taso daga jihar New York ya keta Pennsylvania, shi ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga mashigin. Abubuwa uku ne ke kashe wannan ruwa: naitirojin da fosfaras, wato sinadaran da muke nema a buhun NPK, sai kuma laka. Idan sinadaran suka yi yawa, gansakuka takan rufe ruwa, idan ta mutu ta nutse sai ruɓewarta ta cinye iskar oksijin da ke ƙasa, har a samu wurare masu faɗi a lokacin zafi inda kifi da ƙaguwa ba sa iya numfashi. Laka kuwa tana hana hasken rana isa ga ciyayin ƙarƙashin ruwa inda ƙananan ƙaguwa ke ɓuya, tana kuma binne kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, wadda da can ita ce ke tace ruwan.

An fara yarjejeniyar shirin ceto mashigin tsakanin gwamnatin tarayya da wasu jihohin yankin a 1983. A 1987 aka yi alkawarin rage naitirojin da fosfaras da kashi 40 cikin ɗari kafin shekarar 2000, ba a cika ba. Aka sake sa 2010, shi ma ya wuce. Sai a watan Disamba na 2010, a zamanin Shugaba Obama, hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, ta ƙayyade iyakar abin da mashigin zai iya ɗauka a shekara: kimanin kilo miliyan 84 na naitirojin, kilo miliyan 5.7 na fosfaras, da tan miliyan 2.9 na laka. Aka raba wannan kaso ga jihohi, aka ce kowace ta rubuta tsarin yadda za ta cika nata, a riƙa duba ta duk bayan shekara biyu, kuma a gama aza dukkan matakai kafin ƙarshen 2025. Babbar ƙungiyar manoman ƙasar ta kai ƙara a 2011, ta faɗi a kotu biyu, kuma a 2016 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron batun.

Dole a yi adalci, wannan tsari ya yi aiki a wani fanni. Matatun ruwan bayan gida na birane, irin babbar matatar Blue Plains da ke Washington, sun cika kasonsu shekaru kafin wa'adi. Dalilin a fili yake. Matata tana da bututu guda da za a iya auna abin da ke fita daga bakinsa, tana da lasisi a ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972, kuma akwai wanda za a ci tara idan ya ƙetare iyaka. Jihar Maryland ma, wadda ke bakin mashigin, tun 2004 ta ɗora wa gidaje wani ɗan haraji don gyara matatunta, mutane suka yi gunaguni amma suka biya.

Gona kuwa ba ta da bututu, kuma a nan gizo ke saƙa. Na taɓa tsayawa a bakin wani rafi a gundumar Lancaster ta Pennsylvania bayan an ɗauke ruwa. Shanu shida ne tsaye a tsakiyar rafin, kofatansu sun farfashe gaɓa ta zama taɓo, masara kuma an shuka ta har bakin ruwa ba a bar ko taku ɗaya na ciyawa ba. Ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa. Mai gonar ba mugu ba ne, haka ya tarar da mahaifinsa yana yi, kuma daga inda yake zuwa mashigin tafiya ce mai nisa. Ba ya kamun ƙaguwa, ba ya sayar da kawa, babu abin da zai shiga aljihunsa idan ruwan Maryland ya yi garau. Irin wannan gona dubbai ne a ɓangaren Pennsylvania, kuma dokar tarayya ba ta ɗaure yawancinsu ba, sai dai manyan gidajen kiwo. Shi ya sa jihar ta fi kowa zama a baya, har a 2020 Maryland da Virginia da Delaware da birnin Washington suka maka EPA a kotu kan cewa ta ƙi matsa mata, aka sasanta a 2023. Tun kafin 2025 ta ƙaraso, su kansu shugabannin shirin sun amince ba za a cika wa'adin ba.

Maganin kansa ba ɓoyayye ba ne. A kafa shinge tsakanin shanu da rafi a ja musu ruwan sha waje, a dasa bishiyoyi a gefen ruwa, a shuka alkama ko sha'ir bayan girbi don su riƙe ƙasa su tsotse ragowar taki a lokacin sanyi, a auna ƙasa kafin a zuba mata abin da ba ta buƙata. Maryland tana biyan manoma kuɗi a kan kowace eka da suka rufe da irin wannan shuka, kuma sun karɓa hannu bibbiyu. Inda nake ganin kuskure shi ne yadda ake lissafi. Shekara da shekaru ana ƙirga adadin matakan da aka aza, a zuba su cikin kwamfuta ta ce an rage kaza, alhali awon da ake yi a cikin kogunan bai nuna ragi mai yawan haka ba. Kwamitin masana kimiyya na shirin ya faɗi wannan a rahotonsa na 2023. Wani ɓangare na giɓin yana da uzuri, domin naitirojin da ya riga ya nutse cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauki shekaru kafin ya fito a rafi. Amma wani ɓangaren rashin sa kuɗi ne a inda cutar take, domin an san cewa wasu gundumomi ƙalilan ne ke fitar da kaso mai tsoka na gurɓatar, sai kuma a watsa tallafi ko'ina don kowa ya ɗanɗana.

Akwai kuma madatsar Conowingo, wadda aka gina a 1928 a kusa da bakin Susquehanna. Shekaru da dama tana tare laka ba tare da an gina ta don haka ba, yanzu kuwa tafkinta ya cika, duk babbar ambaliya sai ta kwashe abin da ya taru ta tura gaba. Bayan guguwar Lee a 2011, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna jan ruwa ya mamaye arewacin mashigin. Lissafin 2010 ya ɗauka madatsar za ta ci gaba da tarewa, don haka sai da aka rubuta mata tsari na daban.

Ra'ayina shi ne, waɗanda ke cin moriyar ruwa mai tsabta a bakin mashigin su taimaka a biya manomin da ke saman kogi, ko da kuwa kuɗin zai tsallaka iyakar jiha, kuma a biya shi gwargwadon abin da awo ya nuna ya ragu a rafinsa. Bayan an ba shi kuɗi da lokaci, shingen rafi ya zama wajibi a kansa. Sannan a fuskanci gaskiyar da ta fi ɗaci: a Lancaster da yankin kiwon kaji na Delmarva da ke gabashin mashigin ana shigo da abincin dabbobi daga nesa, kashinsu kuma yana tsayawa a nan, har ya fi ƙarfin abin da gonakin wurin za su iya sha. Babu yawan bishiyar da za ta tare wannan rarar. Sai an loda takin a motoci an kai shi gonakin da ke neman fosfaras, ko a sarrafa shi a masana'anta, kuma kamfanonin kaji da na madara da suka tara dabbobin a wuri ɗaya su ɗauki nasu kaso na kuɗin dakon.