Duba ɗalibi aikin malami ne, ba alfarma ba

Tun jiya nake ganin masu ƙoƙarin wanke wani malamin jami'a da ya ce wa ɗalibarsa, wata malamar firamare mai shekaru, a gaban sa'o'in 'ya'yanta, wai ta koma gida ta yi renon jikoki. Ni ban wanke shi ba. Ba zan kuma kama sunan makarantar ba, domin halin ba na makaranta ɗaya ba ne.

Baiwar Allahn nan ta yi sammako daga garinsu, ta biyo hanyar da duk ɗan Zamfara ya san da addu'a ake binta, don ya duba mata babi na biyu na binciken kammala digiri. Sashen ne ya ɗora masa dubawar, sunansa ne zai hau kan aikin. Ba roƙo ta zo yi ba. Aikinsa ne, kuma da shi aka haɗa ake biyansa albashi.

Masu cewa ita ta makara, ku yi wa Allah ku tuna tarihi. An ƙirƙiro Zamfara a 1996, amma sai a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, ta jiha da ke Talata Mafara ma ta zo daga baya. Kafin nan mai son digiri sai ya tafi Sakkwato ko Zariya. Wace matar aure mai goyo za a bari ta yi shekara huɗu a Zariya? Wane malamin firamare mai iyali zai ajiye alli ya tafi? Suka yi NCE, wato takardar shaidar malanta, suka riƙe mana azuzuwa da ɗan abin da ake ba su. Jami'ar ce ta iso musu a makare. Yanzu da suka samu dama suka shigo aji biyu kai tsaye, sai a tarbe su da gori?

Na ji ana cewa malamai sun yi kaɗan, ɗalibai sun yi yawa, albashi ba ya kai wa ko'ina. Na sani, mun ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022. Malamai, wannan rigimarku ce da gwamnati, ku je ku yi ta, muna bayanku. Amma matar da ta ci bashin kuɗin mota ba ita ta riƙe muku haƙƙi ba.

Me ake nema a wurin malami ma? Ya tsayar da rana da lokaci, ya cika alkawari. In tafiya ta kama shi, ya tura saƙo ta WhatsApp kafin mutum ya hau mota. Ya zaunar da wanda ya yi shekaru rabonsa da benci, ya nuna masa kwasa-kwasan da zai yi rajista da yadda ake lissafin maki, kada sai sakamako ya fito a ce ya maimaita. Ya koya masa neman bayanai a intanet, ko ya haɗa shi da yaron da ya iya. Wallahi dattijon ɗalibi kunyar tambaya ce ke cinsa, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. Kira ɗaya da sunansa, cikin mutunci, ya isa ya buɗe masa baki. Duk wannan aikin malami ne, ba taimako ba ne.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis daga cikin manyan mata, su ɗauki karatu su kai wa matan aure har ƙauyukansu. 

Wani abin da ke ci mini rai, tunda maganar ta zo: masu shayarwa. Sai ka ga ɗaliba ta bar jaririnta da 'yar reno a gindin bishiya cikin zafin bazara, tana lakca hankalinta na waje. Hukumomin makarantun nan su ware ɗaki ɗaya mana, da tabarmi da fanka da ruwan sha, kusa da azuzuwa.