Kawu sojan ruwa, da aikin da ba a faɗa wurin makoki ba

Yau kwana arba'in da rasuwar kawuna, Allah ya jiƙan shi da rahama, kuma akwai abin da ke ci min rai tun ranar zaman makoki, in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa zancen ɗaya ne, ai sojan ruwa ne, ai ya je Laberiya, ai da farin kaki yake dawowa Yelwan Yauri yara na bin shi a guje. Duk gaskiya ne. Amma wallahi ban ji mutum ɗaya ya ambaci aikin muhallin da ya yi bayan ya ajiye kakin ba, alhali can ya fi shan wuya.

Shigar shi soja ma abin dariya ne a gida, kakarmu takan ce ga kogin Kwara nan bakin ƙofa me ya kai shi neman ruwan gishiri a Legas. Ya zauna Apapa, ya zauna Fatakwal, yana cikin waɗanda anka tura Monrobiya ta Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990. Wannan ɓangaren ba ya son labarin shi, ko ka matsa sai ya sake zance. Abin da ba ya gajiya da faɗa shi ne ɗanyen man da ya gani kwance saman ruwa a kudu, kifi ya mutu ya taso, masunta sun yi tagumi. Sai kuma labarin Koko, ba Kokonmu ta Kebbi ba, wadda ke jihar Delta yanzu, inda anka kawo dubban duro na guba daga Italiya anka jibge a filin wani bawan Allah ana ba shi dala 100 duk wata, har asiri ya tonu a 1988. Wannan abin kunyar ne ya sa gwamnatin soja ta kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya, a shekarar, wadda daga baya hukumar NESREA ta gaji aikinta a 2007.

To da ya yi ritaya sai ya kama aikin kula da muhalli, mu kuma nan take munka rage mai girma, daga Oga ya koma duba-gari. Ni kaina, Allah ya yafe min, na taɓa ce mai Kawu wannan yawon duba kwata da bola ai ba girmanku ba ne. Dariya kawai ya yi, ya tambaye ni ruwan da na sha da safe daga ina ya fito.

Ya yi rigima da masu zuba gamalin, wani maganin ƙwari, a ruwa don su kwashi kifi a sauƙaƙe, yana nuna musu cewa maganin ba ya zaɓe, babba da ƙarami yake kashewa har ƙwai, sannan kifin nan mu ne dai za mu saya a kasuwa mu ci. Anka ce yana hana mutane neman abinci. Lokacin da gubar dalma ta ɓulla a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 sunka mutu, kawu bai iya zama ba. Abin da ya fi tada mai hankali shi ne yadda abin ya faru, ba wani baƙo ya kawo gubar ba, dutsen zinare ne ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa inda ake niƙan hatsi, ƙurar ta sauka ƙasa, yaro na rarrafe ya sa hannu baki, daga nan sai amai da farfaɗiya. Sai da anka kankare ƙasar tsakar gidaje anka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma nashi aikin sai 2013. Tunda mu ma nan Yauri ana haƙar zinare, ya riƙa bin masu haƙa yana roƙonsu kada su kai dutse gida, su wanke jiki su sake kaya kafin su ɗauki yara. Wasu sun ji, wasu sunka ce tsoho ya fara surutu.

Ni dai ra'ayina mutanenmu kaki muke girmamawa, shi ya sa wanda ya riƙe bindiga muke miƙe mai, wanda ya hana ɗanka shan guba kuma mu ce ya cika sa ido. Kawu mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma na ga yadda gaisuwar mutane ta canza da idona.

Ko a tashar jirgi haka yake, ba ya shiga kwale-kwale sai da rigar ruwa mai hana nutsewa, in an cika lodi sai ya sauka ya jira na gaba, matuƙa na mai tsiya wai sojan ruwa na tsoron ruwa. Bayan jirgin nan ya kife kusa da Warrah, nan jihar Kebbi, a watan Mayun 2021 da mutum sama da 150 a ciki, ban sake jin wani ya yi mai wannan tsiyar ba, shi ma bai taɓa ce musu ai na faɗa ba.

Rigar tana nan rataye bayan ƙofar ɗakin shi, duk ta koɗe. Jiya Inna ta ce in ɗauka tunda ni ke yawan ƙetare ruwa ranar kasuwa.