Kafin wutar ta iso Kolmani

Ranar da Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, Facebook ya cika da murna kamar ranar Sallah. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Sai dai ban ga wanda ya tambayi yadda za a yi da iskar gas da ke fitowa tare da ɗanyen man ba.

A Neja Delta cinna mata wuta ake yi. Dogon bututu, harshen wuta a samansa, dare da rana, shekara da shekaru. Akwai ƙauyukan da yaransu suka girma ba su san duhun dare ba. Hayaƙin na shiga ƙirji, yana cinye kwanon rufi. Mata har shanya rogo suke yi a gefen wutar saboda zafinta, a ci shi da duk abin da ya sauka a kai.

Kada wani ya ce mini babu doka. Tun 1979 aka yi ta, aka ce daga Janairun 1984 ba mai ƙona gas sai da izinin minista. Ta wannan ƙofar ta "sai da izini" kowa ya bi ya wuce. Wa'adin daina ƙona gas ya koma 2008, ya koma 2020, yanzu 2030 ake faɗa. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar mutanen garin Iwherekan na jihar Delta cewa ƙona gas tauye haƙƙin rayuwa ne. Har yau wutar na ci.

Don me za ta mutu? An ɗauki shekaru tarar naira 10 ce kan kowace ƙafa kubik 1,000 ta gas ɗin da aka ƙona. Kamfanin da ke lissafi da dala ka ce masa naira 10! Ai biya ya fi gyara sauƙi. Sai a 2018 aka mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni, kuma ko wannan sai an auna gas ɗin da gaskiya take ciwo.

Shi ya sa nake kira ga sarakunanmu da 'yan majalisar yankin Alkaleri, inda Kolmani take: yanzu ne lokacin magana, tun kafin a fara cika ganga. Ku nemi hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai ta rubuta inda gas ɗin zai tafi, a sa mita a kowane bututu, a riƙa fitar da alƙaluman a fili. Iyayenmu mata na tari a gaban murhun itace, ba ma so a zo ana ƙona gas a banza a bayan gidajensu.