Washington a jakar 'yata, Shehu a allon ajinmu

Cikin watan Fabrairu, gab da hutun Ranar Shugabanni, 'yata 'yar aji uku ta dawo daga makaranta nan Maryland da wani ɗan littafi mai zane-zane kan George Washington, shugaban Amurka na farko. Na ɗauka sunaye da shekaru za ta haddace, kamar yadda aka yi mana. Ashe littafin da yarintarsa ya fara: an haife shi a Virginia a 1732, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 11, ya koyi awon filaye tun yana saurayi. Sai can gaba ake zuwa yaƙin neman 'yanci da shugabancin da ya hau a 1789.

Abin da ya fi burge ni shi ne na malamarsu. Akwai labarin nan da kowane Ba'amurke ya sani, wai Washington yana yaro ya sare bishiyar mahaifinsa, da aka tambaye shi ya ce ba zai iya ƙarya ba. Malamar ta gaya musu ƙarara cewa wani fasto mai suna Weems ne ya shirya shi, ya sa a littafinsa a 1806, shekara bakwai bayan Washington ya mutu. Ka ji labarin gaskiya da aka gina kan ƙarya. Ta kuma faɗa musu cewa lokacin rasuwarsa akwai bayi 317 a gonarsa ta Mount Vernon. Yarinya ta zo tana cewa, "Baba, yaya mai yaƙin 'yanci zai riƙe bayi?" Na yi ta kame-kame.

Ni kuwa a firamare, me na samu kan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo? Shekarar 1804 a allo, da bulala in ka manta. Sai da na girma na san an haife shi a Maratta a 1754, wato zamani ɗaya suka yi da Washington, na kuma san 'yarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci. Maganar bayi da rinjin sarakunanmu kuwa, ba malamin da ya taɓo ta.

Ba wai Amurkawa sun gama daidaitawa ba. Har yau iyaye da 'yan siyasa na ta jayayya kan yadda za a koyar da bauta. Amma aƙalla yaran suna da littafi daidai hannunsu da za su yi gardama a kansa. Na tambayi ƙanina a Zariya ya nemo min irinsa kan Shehu da Hausa, mai zane, na 'yan shekara takwas. Wata biyu ke nan yana zaga kantunan littattafai.