Cubs da dabarar sayen ramammen rago

Duk wanda ya taɓa turke rago don Babbar Sallah ya san ribarsa tana farawa ne tun ranar saye, lokacin da ya shiga kara ya hango ramamme wanda kowa ya wuce, ya gane yunwa ce kawai ke damunsa. Wannan hoton ne ke zuwa mini duk sanda aka ɗauko labarin yadda ƙungiyar ƙwallon besbol ta Cubs, a birnin Shikago na Amurka, ta tashi daga ƙasa ta ci kofin World Series a 2016, bayan shekara 108 rabonta da shi.

Masu sharhi da yawa sun taƙaita labarin da cewa ƙungiyar ta yi ta faɗuwa da gangan, ta samu damar zaɓen matasa na gaba-gaba (a lokacin ƙungiyar da ta fi faɗuwa ita ke fara zaɓa cikin sabbin matasan da ke shiga gasar kowace shekara), sai nasara ta biyo. Ni ban gamsu da wannan ba. Faɗuwa kowa ya iya ta.

Ga mai kallon ƙwallon Turai, sai an ɗan yi bayani. A babbar gasar besbol ta Amurka ba a korar ƙungiya zuwa ƙaramin rukuni ko da ita ce kutal. Kuma ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya ba, musaya ake yi, mutum da mutum. Kasuwar tana rufewa wajen ƙarshen watan Yuli, to a nan ne masu hangen kofi ke ruɗewa kamar masu neman abin layya a jajibiri, su ba da matasansu masu tasowa don samun gogagge ɗaya da zai yi musu aikin wata biyu ko uku.

Theo Epstein, wanda ya karɓi ragamar Cubs a Oktoban 2011 bayan ya yi suna a Boston, wannan ruɗewar ya mayar jari. A 2012 ƙungiyar ta sha kashi sau 101 cikin wasa 162. A ƙarshen shekarar suka ɗauko wani mai jifa (ɗan wasan da ke jefa wa masu bugu ƙwallo), Scott Feldman, da kwantiragin shekara ɗaya kan dala miliyan 6. Ba su ɗauko shi don ya zauna ba. Sun ba shi fili ya yi wasa, darajarsa ta ɗaga, ranar 2 ga Yulin 2013 suka miƙa shi ga Orioles ta Baltimore, suka karɓo Pedro Strop da Jake Arrieta.

A kan Arrieta nake son mu daɗe. A Baltimore an riga an gaji da shi. Akwai ma'aunin da ake auna mai jifa da shi, wato matsakaicin makin da abokan karawa ke ci a hannunsa a cikakken wasa, kuma nasa a can 5.46 ne, abin da ba a nunawa a bainar jama'a. Ƙarfin hannu yana da shi, amma an yi ta sauya masa salon jifa har ya rasa gane kansa. Da ya zo Shikago, kocin masu jifa Chris Bosio ya ƙyale shi ya koma yadda jikinsa ya saba, yana taku a karkace yana sakin ƙwallo. A 2015 ma'aunin nan ya sauko zuwa 1.77, ya ci wasa 22, ya lashe lambar Cy Young da ake ba gwanin masu jifa. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Zuwa kutal bai koya wa kowa yin wannan gyaran ba.

Haka Anthony Rizzo, wanda ya kasa taɓuka komai a wasanninsa na farko a San Diego a 2011, suka karɓo shi a Janairun 2012 suka ba da Andrew Cashner. Kyle Hendricks ma, wanda ya fara jifa a wasan ƙarshe na kofin 2016, ya zo ne daga Texas a musayar Ryan Dempster, lokacin ba wanda ya damu da shi don jifarsa ba ta da gudu. Jason Hammel kuwa abin dariya ne: sun ɗauke shi shekara ɗaya, suka haɗa shi da Jeff Samardzija suka ba Oakland a Yulin 2014, suka karɓi Addison Russell, da damina ta wuce Hammel ya sake dawowa gidan.

Ban musa cewa faɗuwar ta yi rana ba. Ita ta ba su Kris Bryant a zaɓen 2013. Amma masu koyi da Cubs sukan manta cewa a Disambar 2014 masu ƙungiyar sun buɗe bakin aljihu, suka ba Jon Lester dala miliyan 155 na shekara shida. Mai ƙungiyar da ya sayar da taurarinsa, ya ce wa magoya baya su yi haƙuri ana gini, alhali bai zuba kuɗi wurin masu horarwa da masu farautar 'yan wasa ba, kuma bai da niyyar kashe ko sisi in lokaci ya yi, wannan rowa yake yi ya sa mata suna mai daɗi. Abin ya yi yawa har a yarjejeniyar 2022 tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa aka shigo da ƙuri'a wajen raba guraben farko na zaɓen matasa, don kada zuwa kutal ya zama lamuni.

Su ma gwanayen ba kullum idonsu ke gani daidai ba. A Disambar 2011 sun hango Ian Stewart a matsayin ramammen da za a gyara, suka ba Colorado matasa biyu, cikinsu har da DJ LeMahieu. Stewart bai gyaru ba, LeMahieu kuwa shi ya fi kowa iya bugu a ɓangarensu na gasar a 2016. Dala miliyan 52 da suka zuba kan Edwin Jackson ma ta bi ruwa. Kuma da suka koma ɓangaren masu saye, sai ga su suna yin abin da suka saba cin ribarsa a hannun wasu: matashinsu Gleyber Torres ya tafi Yankees ta New York don Aroldis Chapman, wanda aƙalla an ɗaga kofi da shi, sai Dylan Cease da Eloy Jiménez suka tafi don José Quintana a 2017, kofi na biyu kuwa bai zo ba.

A Yulin 2021, cikin kwana biyu, Jed Hoyer da ya gaji Epstein ya rabu da taurarin ƙungiyar, Rizzo da Bryant da Javier Báez, magoya baya suna ta Allah-wadai. Abin da ya karɓo daga ƙungiyar Mets ta New York a madadin Báez wani yaro ne ɗan shekara 19, Pete Crow-Armstrong, wanda a lokacin yana jinyar tiyatar kafaɗa bayan wasa shida kacal a ƙaramin rukuni. A 2025 yana cikin waɗanda suka fara wasan taurarin gasar, sanye da rigar Cubs.