Amanar ƙadangaren Ostireliya

Ƙanena zai tafi Abuja na sati 2, sai ga shi da akwatin gilashi har ɗakina a Ƙofar Ƙaura, wai Yaya ga amana. Na leƙa na ga ɗan ƙadangare bai kai tafin hannuna ba, wai shi mai gemu, asalinsa Ostireliya, kuma da kuɗinsa ya saya. Hajiya ta leƙo ta ce ikon Allah, ga jangwada nan birjik a katanga kyauta, ku sai na Turawa.

Ya yi min bayanin abincinsa amma lokacin ina kallon ƙwallo, to kawai nake cewa.

Washegari na gutsura masa tuwon jiya. Ko kallo bai yi ba. Na tuna an ce ƙwari yake ci, na je gun mai fara na sayo ta 200, soyayya, ta sha yaji da gishiri, ni a ganina karramawa ce. Malam, yaron nan ya buɗe baki ya kumbura wuya, gemun ya yi baƙi ƙirin kamar na zagi ubansa. Ni na cinye farar.

Na kira mai shi, ya kusa kuka a waya. Wai ƙanana irinsa ƙwari masu rai suke ci, gyare ko ƙananan kyankyasai, sau 2 zuwa 3 a rana, kuma kar ƙwaron ya wuce faɗin tsakanin idanunsa, sannan a barbaɗa musu hodar kalsiyam, in ba haka ba ƙashinsa ya yi laushi. Ganye kaɗan da kabewa yankakkiya. Ban da kyankyason gidanmu tunda muna fesa fiya-fiya. Ni da ko 'yar ƙanwata ban taɓa yi wa raino ba, yau ga ni da rula ina auna goshin ƙadangare.

Ashe ma ya bar min robar gyare a bayan akwatin ban gani ba. Da dare na buɗe zan ɗebo guda 5, aka ɗauke wuta, na yi tuntuɓe da buta, robar ta kife. Wallahi kafin in kunna fitilar waya sun watse, wasu ƙarƙashin katifa wasu cikin takalmana, sai kuka suke kamar muna tsakiyar gona da damina. Ina rarrafe ina cafka da hula Hajiya ta ɗaga labule ta tsaya ta daɗe tana kallona, ta ce Babangida, in wani abu ke damunka ka faɗa min a nemo maka rubutu.

Guda 7 na kamo, ya lashe su cikin minti ɗaya ya ɗago kai yana jiran ƙari. Sauran kuwa, kajin Hajiya ne suka yi walima da su da safe. Saura kwana 12, kuma akwai gyare ɗaya a cikin silin da har yanzu bai bar ni na yi barci ba.