Ranar da kalangu ya cinye mini kuɗin mota

Sana'ar ɗaukar hoton makaɗa sharaɗinta guda ne, a manta kana wurin. Da zarar mai kalangu ya lura da kai, zai fara gyara hula, 'yan amshi su jeru suna murmushin fasfo, abin da ka zo nema kuwa ya gudu ke nan. Shi ya sa nake sa kaya masu duhu, in raɓe jikin bango ko gindin sifika, in kama bakina. Sai dai a kowace tawagar kiɗa akwai mutum guda da tuwonsa ya rataya a kan kada kowa ya ɓuya, wato sanƙira. Ni ina neman lungu, shi kuma lungun yake fara leƙawa.

A Satumban 2018 na shirya tafiya Ingal, a jihar Agadas, wajen bikin Cure Salée, inda makiyaya Abzinawa da Fulani Woɗaɓe ke haɗuwa a ƙarshen damina su kai dabbobinsu ga ruwa da ciyawa masu gishiri na yankin. Ni ba raƙuma suka kai ni ba, kiɗan tende da waƙar Woɗaɓe nake so in ɗauka. Na tafi da ɗan yayata, wanda aka ba ni ya koyi sana'a, amma har yau surutu ne fannin da ya fi ƙwarewa a kai. Muka bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka ratsa Matamaye, muka sauka Damagaram da la'asar sakaliya. Kuɗin tafiya duk na mai da su sefa, na kasa uku: na mota, na abinci, da na ko-ta-kwana, kowane kashi da robarsa da aljihunsa.

Mai masaukinmu a unguwar Zango, dattijo ne mai sayar da fata, ya ce min ana biki a bayan layinsu, kuma masu kalangun da aka ɗauko ba na wasa ba ne. Na ce bari in je in motsa hannu, ai ba abin da zai ci mini.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ba yana ɗauka gula ce ke yin maganar. Hammata ce. Gangar tana da ƙugu siriri, tsarkiyoyi sun taso daga wannan baki zuwa wancan, in makaɗi ya matse su da damtse fatar ta ɗame murya ta hau, in ya saki ta sauka. Da haka yake kiran sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Hoton da nake farauta shekara da shekaru shi ne daidai lokacin matsewar nan: jijiyar damtse ta tashi, tsarkiya ta lanƙwashe, gula na sama ba ta sauko ba tukuna. Don ka tsayar da hannun nan a hoto, dole kamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 250 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, wannan kuwa haske yake so. Hasken da ke wurin duka-duka ƙwai ɗaya ne, shuɗi, an rataye shi a reshen dalbejiya, janareton da ke ba shi wuta kuma yana tari. Na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, har 6400, na san hoton zai fito kamar an watsa masa tsaki, na ce ba komai. Filasha kuwa na hana yaro taɓawa, na ce in ya kunna ta a ƙafa zai koma Kano.

Na sami lunguna tsakanin sifika da wata randa, na durƙusa. Aiki ya fara kyau ke nan sai na ji kiɗa ya tsaya cak.

"A dakata! A dakata, Sarkin Kiɗa! Ashe manya na wurin nan ba a faɗa mini ba?"

Na waiga in ga manyan, don nima in ɗauke su. Sai na ga taron duka ni yake kallo.

"Ga Alhaji mai hoto na birnin Dabo! Jikan mai goro na Kasuwar Kurmi! Ɗan Hajiya mai koko, angon Hajiya ƙarama! Kano tumbin giwa, ko da me muka zo kun fi mu, to yau dai sai a nuna mana!"

Ni dai iyakata da aikin Hajji rakiya filin jirgi. Amma maganar goro gaskiya ce, ta koko ma gaskiya ce, kuma duk Damagaram mutum ɗaya ne ya san su. Na hango shi can kan tabarma, da farantin shinkafa da cinyar zabo a gabansa. Da na tsare shi daga baya cewa ya yi, "Kawu, tambayata ya yi, ai ba kyau babba ya yi tambaya ka yi shiru."

Mai kalangu ya taso takanas ya tsaya a kaina, ya sa gangar a saitin kunnena, ya shiga kiran sunana da hammata. Wallahi sunan ya fito sarai, har da na mahaifina. Duk mai cewa kiɗa ba ya taɓa shi, ba a taɓa kaɗa masa sunan ubansa a ƙasar da ba tasa ba ne. Na ji ƙafafuna sun miƙe da kansu, hannuna ya shiga aljihun ko-ta-kwana.

A nan ne ƙwan nan ya yi mini aika-aika. Takardar jika ɗaya, wato sefa dubu, ja ce, ta jika goma kuwa ruwan hoda mai duhu ce, da rana ko yaro ya bambanta su. A ƙarƙashin shuɗin ƙwai duk launinsu ɗaya. Na zaro ta farko na manna wa makaɗi a goshi, sai na ji mata sun rangaɗa guɗa irin wadda ban taɓa jin an yi wa jika ɗaya ba. Na ce lallai mutanen Damagaram akwai godiya. Na ƙara. Sanƙira ya cire takardar ya ɗaga sama yana juyawa da ita, yana cewa, "Jama'a ku shaida, Alhaji ba ya taɓa ƙananan kuɗi, hannunsa ƙaiƙayi suke sa shi!" Kafin maganar ta gama shiga kaina, an ƙara mini muƙami, na tashi daga mai hoto na koma mai gidan talabijin. Ana cikin haka sai ga walƙiya fau, fau, fau. Yaro ya ɗauki kamarar da na ajiye, ya kunna filashar da na hana, yana ta ɗaukar kawunsa. Masu waya ma kowa ya ɗaga tasa.

Da asuba na zazzage aljihuna a kan tabarma. Ko-ta-kwana ya kwanta dama, na mota ya ji rauni, na abinci ne kawai ya tsira, shi ma don yana aljihun wando ne mai zif. Mai masaukina ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai ka yi wa Kano hidima." Bai ce zai rage mini komai ba.

Babbar motar safa mai sanyi da na yi niyyar shiga ta tafi ba mu. Muka hau bayan wata motar kaya a kan buhunan gero, mu da tumaki biyu da wani tsoho mai rediyo. Tsakanin Damagaram da Agadas ya haura kilomita 400, ta Tanut da Adarbisanat, kuma kowace kilomita sai da ta gaisa da ƙashin bayana. Kamara na naɗe ta a leda biyu na ɗaure da roba, don ƙurar hanyar nan in ta shiga cikinta sai ka ga ɗigo baƙi a sararin samaniyar kowane hoto. Hasumiyar masallacin Agadas, ta laka mai tsayin mita 27 da aka fara ginawa a zamanin 1515, da ido ɗaya na gan ta, ɗayan yashi ya rufe shi. Daga can zuwa Ingal kusan kilomita 160 ne, muka ƙarasa a wata motar da ba ta da ƙofar baya.

A Kano mutane ke biya na in ɗauke su. A filin Ingal kuwa in ka ɗaga kamara sai ka ji an ce "kado", wato kai za ka biya. Ban ga laifinsu ba, tun da Turawa sun daɗe suna zuwa suna kwasar fuskokinsu suna sayarwa a mujallu, amma ni Alhajin jiya ko na shayi ina lissafi.

Samarin Woɗaɓe su ba kuɗi suka nema ba. Suna shirin rawarsu da ake kira Yake, sun shafe fuska da jar ƙasa da rawaya, sun zizara baƙi a leɓe da ido, an ja layi fari daga goshi zuwa haɓa, ga gashin jimina a ka. Waƙarsu ba ganga, murya ce zalla, ɗaya ya ɗauko sauran su riƙe ta su ja, suna ɗage dunduniya suna wulƙita ido suna nuna farin haƙori. Kowannensu na da ɗan madubinsa, amma da ɗaya ya gano allon kamarata yana juyowa ya kalli mutum, shi ke nan labari ya bazu. Layi aka yi. Wannan ya gyara kwalli, wancan ya duba haƙori, wani ya dawo zagaye na biyu don gashin jiminarsa ya karkace. Ka hana mutumin da ya fi ka tsayi da kamu guda, ga takobi a kafaɗa? Kafin a fara rawar batir ɗaya ya mutu a aikin kwalliya.

Da yamma aka kafa tende. Turmi ne na daka, a rufe bakinsa da fatar akuya jiƙaƙƙiya, a ɗaura taɓare biyu a gefe da gefe suna jan fatar. Mata biyu su zauna a kan taɓaren, ɗaya nan ɗaya can, nauyinsu ne ke ɗame fatar, ana yi ana yayyafa mata ruwa kada ta bushe murya ta lalace. Mai kiɗa na bugawa da tafin hannu, mai waƙa na bayarwa, sauran na tafi suna amsawa, maza kuma su zagaye su a kan raƙuma, taku yana bin kiɗa. Na kutsa na durƙusa kusa da turmin don in haɗa hannun mai kiɗa da ƙafafun raƙuma a hoto ɗaya. Da'irar raƙuma ta rufe, ba fita.

Sai jaririn ɗaya daga cikin masu zaman taɓarya ya fasa kuka, ta tashi. Nan take muryar tende ta faɗi. Wata tsohuwa mai baƙin mayafi ta duba hagu ta duba dama, idonta ya sauka a kaina, ta auna ni sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta Abzin, "Kai Bahaushe, zo zauna. Wannan jiki naka kada ya tashi banza."

Na ce, "Inna, aiki nake yi."

Ta ce, "Wannan ma aiki ne."

Na zauna. Fata ta ɗame, murya ta hau fiye da da, har mai waƙar ta juyo ta gyaɗa mini kai. Yarinyar da ke ɗaya gefen sai da aka ƙara mata ƙanwarta don mu daidaita. Kowane bugu ta taɓarya yake biyowa ya hau gadon bayana ya fita ta haƙora. Na gwada ɗaukar hoto daga nan, duk abin da ya fito raƙuma ne masu ƙafa takwas-takwas. In na ɗan muskuta sai kiɗa ya canza, tsohuwa ta harare ni. Uwar jaririn ta dawo ta ga an sami wanda ya fi ta, ta koma cikin masu tafi abinta. Haka na zauna har rana ta faɗi, hasken da na taho dominsa tun daga Kano ya zo ya wuce ina matsayin kayan kiɗa. Ladana cuku uku ne, da dabinon Ingal cikin tafi biyu, da shayi zagaye uku. A duk tafiyar, wannan ne kaɗai aikin da aka biya ni.

Kuɗin komawa sai da na jinginar da filasha wajen wani mai shagon hoto a Agadas, abin da ya fi yi wa yaro ciwo ke nan.

Na iso gida da dare, na tarar uwargida zaune a tsakar gida da waya a hannu, ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta juyo mini da allon. Ga ni nan tsaf, shuɗi, ina manna wa mai kalangu jika goma a goshi, ana kirana mai gidan talabijin. Bidiyon ya riga ni tsallaka iyaka, ya bi ta WhatsApp ɗin matan unguwa, har an tura wa surukata.

"Alhaji," in ji ta, ta ja kalmar sosai, "ranar da za ka tafi cewa ka yi in yi maneji da cefane, gari ba kuɗi."

Na fara yi mata bayanin ƙwai shuɗi da yadda launi ke canzawa a ƙarƙashinsa. Ta saurara har na gama, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Sai ga ta da ƙwarya da ludayi, ta kife ƙwaryar a gabana, ta zauna ta gyara ɗaurin zane.

"Sunan kakan naka mai goro," ta ce, "tuna mini shi."